ALLURAR CIWON SUKARI DA TA RAGE ƘIBA: ABIN DA YA KAMATA MAJIYYACI YA SANI

Jawabin wayar da kan jama'a

An shirya wannan jawabi ne domin mutane iri uku. Na farko su ne masu ciwon sukari waɗanda likita ya ɗora a kan allurar insulin. Na biyu su ne waɗanda aka rubuta wa ɗaya daga cikin sababbin alluran nan da ake yi sau ɗaya a mako ko sau ɗaya a rana, ko don sukari ko don rage ƙiba. Na uku kuwa su ne iyali da 'yan'uwa masu jinya, tun da yake sau da yawa su ne ke ajiye maganin, su ne kuma ke kusa idan abu ya ɓaci da tsakar dare.

Al'amarin ba ƙarami ba ne. A shekarar 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa manyan mutane masu ciwon sukari sun haura miliyan 800 a duniya, watau sun ninka adadin shekarar 1990 har sau huɗu. A nan Nijeriya, Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Duniya ta ƙiyasta a shekarar 2021 cewa akwai manya kimanin miliyan 3.6 masu wannan ciwo, da yawa daga cikinsu kuwa ba su san suna da shi ba. Alluran da za a yi bayani a kansu suna da ƙarfi, suna da tsada. Wanda ya bi ƙa'idarsu yakan ga amfani, wanda kuwa ya yi musu riƙon sakainar kashi yana iya yin asara biyu, ta kuɗi da ta lafiya.

ASALIN ALLURAN DA YADDA SUKE AIKI

A bayan tumbin mutum akwai wata gaɓa da likitoci ke kira fankiriyas. Ita ce ke fitar da sinadarin insulin, wanda aikinsa shi ne buɗe wa sukarin da ke cikin jini ƙofa ya shiga tsoka da sauran sassan jiki ya zama ƙarfi. Idan wannan gaɓa ta daina fitar da insulin sam, to, shi ne ciwon sukari iri na ɗaya, wanda ya fi kama yara da matasa. Idan kuwa tana fitarwa amma bai isa ba, ko jiki ya daina jin sa yadda ya kamata, to, shi ne iri na biyu, wanda ya fi yawa, ya kuma fi tafiya da ƙiba, da zaman wuri ɗaya, da gado.

A shekarar 1921 ne Dokta Firedirik Banting da mataimakinsa Cals Best suka tace insulin a Jami'ar Toronto ta ƙasar Kanada, aka kuma fara yi wa wani yaro ɗan shekara 14 allurarsa a watan Janairu na 1922. Kafin wannan lokaci, yaron da ya kamu da iri na ɗaya ba ya daɗewa a duniya. Saboda tunawa da ranar haihuwar Banting ne aka keɓe 14 ga Nuwamba ta zama Ranar Ciwon Sukari ta Duniya.

Sababbin alluran kuwa hanyarsu dabam ce. Idan mutum ya ci abinci, hanjinsa yakan saki wani sinadari da ake kira GLP-1. Wannan sinadari yana sa fankiriyas ta saki insulin sa'ad da sukari ya hau, yana rage saurin fitar abinci daga tumbi, sa'an nan yana kai wa ƙwaƙwalwa labarin cewa an ƙoshi. Amma na jiki ba ya wuce 'yan mintoci ya lalace. Masana suka yi ta neman mai kama da shi wanda zai daɗe, suka fara samunsa a cikin yawun wani ƙadangare mai dafi da ke zaune a hamadar kudu maso yammacin Amurka da Meksiko. Daga nan aka sami maganin farko, Byetta, wanda aka amince da shi a Amurka a shekarar 2005.

Bayansa waɗansu suka biyo. Akwai liragulutayid, wanda ake yi kullum, ana sayar da shi da sunan Victoza don sukari, da Saxenda don ƙiba. Akwai dulagulutayid, watau Trulicity, na mako-mako. Akwai semagulutayid na kamfanin Novo Nordisk na ƙasar Denmak, wanda aka amince da shi a Amurka da sunan Ozempic a 2017 don sukari, da sunan Wegovy a 2021 don ƙiba. Sai tirzefatayid na kamfanin Eli Lilly, wanda ya fito da sunan Mounjaro a 2022, shi kuwa yana kwaikwayon sinadaran hanji biyu ne a haɗe. A watan Satumba na 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa waɗansu daga cikinsu a jerin muhimman magungunanta, domin masu ciwon sukari iri na biyu waɗanda ke da ƙiba tare da ciwon zuciya ko na ƙoda.

An gwada amfaninsu. A wani bincike da aka buga a 2021, wanda ya ƙunshi mutum 1,961, masu yin semagulutayid sun rage kimanin kashi 15 cikin 100 na nauyinsu a cikin mako 68. A wani kuma na 2023, mai mutum fiye da 17,000 masu ƙiba da ciwon zuciya, maganin ya rage haɗarin bugun zuciya, da shanyewar ɓarin jiki, da mutuwa ta dalilin zuciya da kashi 20 cikin 100.

WANDA YA DACE DA WANDA BAI DACE BA

Lalle ne a gane cewa waɗannan allurai magani ne na ciwo, likita ne kaɗai ke rubuta su bayan ya auna mutum. Don rage ƙiba, ana duba wani lissafi ne: a ɗauki nauyin mutum a kilo, a raba shi da tsawonsa a mita, sa'an nan a sake raba abin da ya fito da tsawon. Alal misali, mai kilo 90 da tsawon mita 1.70 lissafinsa ya kama 31. Ana ba da allurar ga wanda nasa ya kai 30, ko kuwa 27 idan akwai wani ciwo tare, kamar hawan jini ko sukari. Amaryar da ke so ta faɗa kafin biki, ko saurayin da ke jin ɗan tumbinsa ya dame shi, ba su shiga wannan lissafi ba.

Ga mai sukari iri na biyu, galibi da ƙwayar metfomin ake farawa, tare da gyaran abinci. Tana da araha, an kuma daɗe ana ganin amfaninta. Saboda haka wanda ba shi da halin sayen sabuwar allura kada ya ɗauka an bar shi a baya. Tun da yake magani ne na dogon lokaci, ya kamata majiyyaci ya yi wa likita bayanin ƙarfin aljihunsa tun farko, domin fara allura a daina bayan wata biyu saboda rashin kuɗi ba ya haifar da ɗa mai ido.

Ga waɗanda bai kamata su yi sababbin alluran ba, ko kuwa sai da matuƙar lura:

1. Mace mai ciki, ko mai shayarwa, ko mai neman haihuwa. Mai yin semagulutayid za ta daina shi wata 2 kafin ta nemi ɗaukar ciki. Mai yin Mounjaro kuwa ta sani yana iya raunana ƙwayar tsarin iyali da ake haɗiya, don haka ana bukatar ƙarin wata hanya har mako 4 bayan farawa, da kuma bayan kowane ƙarin awo.

2. Wanda shi ko wani a danginsa na jini ya taɓa yin wani irin ciwon daji na ƙullin wuya da ake kira tayirod. Ba maƙoƙon da aka saba gani ake nufi ba, amma mai maƙoƙo ma ya nuna wa likita.

3. Wanda ya taɓa yin kumburin fankiriyas, ko duwatsun matsarmama, ko ciwon da ke sa abinci ya daɗe a tumbi.

4. Wanda sukari ya riga ya taɓa masa ido. Faɗuwar sukari da sauri tana iya tsananta ciwon idon, don haka a duba idon tukuna.

5. Mai ciwon sukari iri na ɗaya. Sabuwar allura ba ta maye gurbin insulin. Wanda ya ajiye insulin saboda ita yana iya shiga mawuyacin hali cikin kwana ɗaya ko biyu.

YADDA AKE YIN ALLURAR

Duk waɗannan allurai a ƙarƙashin fata ake yin su, cikin kitse, ba a tsoka ko jijiya ba. Yawancinsu suna zuwa ne a cikin wani abu mai siffar alƙalami, da ɗan gajeren tsinke siriri da ake ɗaura masa a baki. Wajibi ne a yi ta farko a gaban nas ko likita, majiyyaci ya yi da hannunsa suna kallo. Bayan haka ga matakan:

1. A wanke hannu da sabulu da ruwa mai tsabta.

2. A karanta sunan maganin da ranar ƙarewar aikinsa. Mai amfani da alƙalami biyu ya tabbata wanne ya ɗauka. Ruwan sababbin alluran garau yake. Idan ya yi gurɓi ko ya canja launi, kada a yi shi. Akwai dai irin insulin mai fari-fari kamar madara tun asali, shi wannan ana murza shi a hankali tsakanin tafin hannu har ya haɗu, ba a girgiza shi da ƙarfi.

3. A ɗaura sabon tsinke kowane lokaci. A alƙalamin insulin, a fitar da yunit 2 a iska tukuna, don a tabbata ruwa yana fita.

4. A zaɓi wuri: fatar ciki, nesa da cibiya da kamar faɗin yatsu uku, ko gaban cinya, ko bayan dantse. A riƙa sauya wuri. Wanda ya nace wa wuri ɗaya fatarsa takan yi ƙullutu, maganin da aka zuba a ƙullutu kuwa ba ya shiga jiki daidai.

5. A soka tsinken, a danna har lambar ta koma sifiri, sa'an nan a ƙirga ɗaya zuwa goma a hankali kafin a zare. Kada a murza wurin.

6. A cire tsinken a jefa shi cikin gwangwani ko roba mai kauri mai murfi, a ajiye inda yara ba za su kai ba. Idan ya kusa cika a kai asibiti. Kada a zuba a juji, inda yara da masu tsince-tsince ke yawo ba takalmi.

Alƙalami na mutum ɗaya ne. Ko miji da mata ba sa haɗa shi, ko da an sauya tsinke, domin ɗigon jini yana iya komawa cikinsa ya ɗauki ciwon hanta ko ƙanjamau daga wani zuwa wani.

Masu jan insulin daga kwalba da sirinji su lura da wani abu da ya sha jawo haɗari. Akwai insulin mai yunit 40 a kowane mililita, akwai mai yunit 100, kowanne da irin sirinjinsa. Wanda ya ja mai 100 da sirinjin mai 40 ya yi wa kansa ninki biyu da rabi na abin da aka rubuta masa. A duba lambar da ke jikin kwalba da ta jikin sirinji, a tabbata ɗaya ce.

AWO DA LOKACI

Ana fara sababbin alluran da ɗan awo kaɗan ne, don ciki ya saba. Ozempic ana fara shi da miligiram 0.25 a mako har mako 4, kana a koma 0.5, daga nan likita ya duba ko akwai bukatar ƙari. Wegovy yakan ɗauki mako 16 kafin a kai miligiram 2.4. Mounjaro ana fara shi da miligiram 2.5, a riƙa ƙara 2.5 bayan aƙalla mako 4, iyakarsa 15. Wanda ya tsallake mataki don yana sauri ya rame, amai da zawo zai saya da kuɗinsa. Sannu ba ta hana zuwa.

Mai allurar mako ya tsayar da rana ɗaya, ya rubuta a kalanda ko a wayarsa. Idan aka manta, mai Ozempic yana iya yi idan ba a wuce kwana 5 ba, mai Mounjaro kuwa kwana 4. In an wuce haka sai a jira ranar da aka saba. Ba a haɗa awo biyu don a rama. Wanda ya yi makonni bai yi ba, kada ya koma kan babban awon da ya tsaya, sai ya ga likita, domin mai yiwuwa ne a mayar da shi baya. Haka kuma ba a haɗa biyu daga cikin waɗannan magunguna: Ozempic da Wegovy abu ɗaya ne a ciki, suna da awo ne suka bambanta.

AJIYA A ƘASA MAI ZAFI

Zafi da ƙanƙara duka suna kashe ƙarfin waɗannan magunguna, mai shi kuwa ba zai gane da ido ba. Wanda ba a buɗe ba ana ajiye shi a firji, tsakanin digiri 2 zuwa 8 na ma'aunin Salshiyas, nesa da sashen ƙanƙara. Duk wanda ya daskare ya lalace, ko da ya narke daga baya. Wanda aka fara amfani da shi yana iya zama a ɗaki idan zafi bai wuce digiri 30 ba: insulin galibi kwana 28, Ozempic mako 6 ko 8, gwargwadon abin da aka rubuta a takardar da ke cikin kwalin. A rubuta ranar da aka buɗe a jikinsa.

Sanin kowa ne cewa a watannin bazara zafin ɗaki a garuruwa da yawa yakan wuce digiri 30, wutar lantarki kuma ba ta da tabbas. Inda babu firji, akwai dabarar tukunya cikin tukunya, wadda Malam Muhammad Bah Abba, wani malami a Jihar Jigawa, ya yaɗa a shekarun 1990 don adana kayan lambu, har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Ana sa ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle, a ajiye a inuwa inda iska ke kaɗawa. A sa maganin cikin roba mai murfi don kada ruwa ya taɓa shi. Dabarar ta fi aiki inda iska ke a bushe, ba ta kuma kai firji ba. Ta dace ne da wanda ake cikin amfani da shi. Saboda haka marar firji ya sayi na wata ɗaya kawai. Kada a bar magani cikin mota a rana, ko a bakin taga, ko kusa da murhu.

ABUBUWAN DA KAN BIYO BAYA

Mafi yawan abin da masu sababbin alluran ke kuka da shi na ciki ne: tashin zuciya, amai, zawo, taurin bayan gida, ƙwannafi, da yawan gyatsa. Sun fi zuwa a makonnin farko da bayan ƙarin awo, galibi kuma sukan lafa. Abin da ke taimakawa shi ne cin abinci kaɗan-kaɗan, a tauna a hankali, a tsame hannu da zarar an ji ƙoshi, a rage soye-soye da maiƙo, kada kuma a kwanta nan take bayan cin abinci. A yawaita shan ruwa, domin amai da zawo a lokacin zafi suna iya busar da jiki har ƙoda ta taɓu.

Amma akwai alamomin da ba a jira da su gari ya waye. A tafi asibiti nan da nan idan aka ga ɗayansu:

1. Matsanancin ciwon ciki wanda ba ya sauka, musamman mai ratsawa zuwa baya.

2. Ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, da zazzaɓi, ko ido ya yi rawaya irin na shawara.

3. Amai ko zawo da ya hana ruwa zama a ciki, ko fitsari ya ragu ƙwarai.

4. Kumburin fuska, ko leɓe, ko harshe, ko wahalar numfashi.

5. Gani ya ragu farat ɗaya, ko da a ido ɗaya ne, ko da babu zafi.

6. Ƙullutu a wuya, ko dishewar murya da ta ƙi tafiya, ko wahalar haɗiya.

FAƊUWAR SUKARI

Wannan shi ne haɗarin da ya fi kusa da mai yin insulin. Sababbin alluran su kaɗai ba su cika kawo shi ba, sai idan an haɗa su da insulin ko da ƙwayoyi irin su gilibenkilamayid da gilikilazayid. Shi ya sa likita kan rage awon waɗannan sa'ad da aka fara sabuwar allura. Alamominsa su ne rawar jiki, gumi, bugun zuciya, yunwa mai tsanani, jiri, ruɗewa, da saurin fushi ba dalili. A na'urar gwaji, duk abin da ya gaza 70, ko 3.9 a ɗaya ma'aunin, faɗuwa ce.

Maganinsa sukari ne nan take: ƙwayar sukari 4, ko babban cokali ɗaya na zuma, ko rabin kofi na lemon kwalba mai zaƙi. A jira minti 15 a sake gwadawa. In bai hau ba a maimaita. In ya hau a bi shi da abinci. Idan mutum ya suma, kada a ɗura masa kome a baki, domin yana iya shaƙewa. A kwantar da shi ta gefe, a garzaya da shi asibiti, a faɗa wa ma'aikata irin allurar da yake yi. Ya kamata kowane majiyyaci ya riƙa yawo da ƙwayar sukari da wata 'yar takarda mai sunan ciwonsa da maganinsa, ya kuma sanar da iyalinsa da abokan aikinsa. Direbobi da masu aiki da inji su gwada kafin su fara aiki.

Akwai kuma kishiyar wannan. Zazzaɓin cizon sauro da sauran cututtuka sukan hau da sukari ko da mutum ba ya cin abinci. Mai iri na ɗaya kada ya daina insulin don ba shi da lafiya. Ya yawaita gwaji da shan ruwa, ya nemi likita. Haka nan ƙwayoyin sa ƙiba da ake kira sha-ka-fashe, da yawansu suna ɗauke da sinadarin da ke hau da sukari, mai wannan ciwo ya nisance su.

ABINCI, MOTSA JIKI, DA RANAR DAINAWA

Allura tana rage sha'awar abinci, amma ba ita ke zaɓa wa mutum abin da zai ci ba. Tun da cin ya ragu, lalle ne ɗan abin da ake ci ya zama mai amfani, domin nauyin da ke zubewa ba kitse kaɗai ba ne, har da tsoka. A ba da ƙarfi ga wake, alale, ƙwai, kifi, nama marar kitse, da nono marar sukari, tare da ganye irin su zogale, rama, da alayyafo. Tuwo, shinkafa, doya, da gari a rage musu yawa. Lemon kwalba da shayi mai tarin sukari a bar su sai don maganin faɗuwar sukari. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba manya shawarar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, watau kamar tafiya da sauri ta rabin sa'a kwana biyar, da aikin ƙarfafa tsoka sau biyu a mako.

Game da dainawa, a sani cewa da aka bi sawun waɗansu daga cikin mutanen binciken 2021 ɗin nan, an tarar shekara ɗaya bayan sun daina allurar sun mayar da kimanin kashi biyu cikin uku na nauyin da suka rage. Ga mai sukari kuwa, sukarin yakan sake hawa. Don haka dainawa shawara ce da ake yankewa tare da likita, a shirya abin da zai maye gurbi.

AZUMI, TAFIYA, DA AIKIN FIƊA

Mai niyyar azumin watan Ramalan, ko wani azumi na ibada, ya ga likita mako 6 zuwa 8 kafin lokaci, don a gyara masa awo da lokutan magani. Ba a so a fara sabuwar allura ko a ƙara awonta a cikin azumi. Likitoci da malaman addini da suka yi nazarin al'amarin tare sun bayyana cewa gwajin jinin yatsa ba ya karya azumi, kuma wanda sukarinsa ya gaza 70 ko ya wuce 300 ya kamata ya sha ruwa nan take. Akwai waɗanda likita zai ce kada su ɗauka sam.

Matafiyi, ko alhaji ne ko ɗan kasuwa, ya riƙe maganinsa a jakar hannu tare da takardar likita, domin a ɗakin kaya na jirgin sama yana iya daskarewa, a bayan mota kuwa zafi ya lalata shi. Wanda za a yi wa fiɗa, ko wani bincike da ke bukatar maganin sa barci, wajibi ne ya faɗa tun da wuri cewa yana yin allurar. Dalili kuwa shi ne abinci yakan daɗe a tumbinsa, yana iya tasowa ya shiga huhu yana cikin barci.

A YI HATTARA DA JABU

Inda kaya suka yi tsada kuma aka yi musu rububi, nan maha'inta ke kafa rumfa. A watan Oktoba na 2023 an kwantar da mutane a asibiti a ƙasar Ostiriya bayan sun yi amfani da jabun Ozempic, alamu kuma suka nuna insulin aka zuba a ciki. A watan Yuni na 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a kan jabun da aka gano a Birazil, da Birtaniya, da Amurka. Abin da ya shiga waɗannan ƙasashe ba zai gagara shiga ko'ina ba.

Saboda haka a sayi magani da takardar likita, a asibiti ko a kantin magani mai rajista wanda ke da masanin harhaɗa magunguna da firji mai aiki. Ƙananan kyamis na unguwa ba su da izinin sayar da irin waɗannan. Kada a saya a intanet daga wanda ba a sani ba, ko a kasuwa, ko a gidan kwalliya, ko a hannun mai cewa zai ja wa mutum a sirinji daga wata kwalba marar suna. A duba lambar rajistar Hukumar Kula da Ingancin Abinci da Magunguna ta Ƙasa, watau NAFDAC, a duba ko lambar da ke jikin kwali ta dace da ta jikin alƙalami, a lura da kuskuren rubutu. Araha fiye da kima ita kanta alama ce. Duk wanda ya yi shakka kada ya yi allurar, kada kuma ya jefar da ita. Ya kai ta ofishin NAFDAC mafi kusa, domin rahoton mutum ɗaya yana iya kuɓutar da mutane da yawa.

KAMMALAWA

Ana roƙon kowane majiyyaci ya tanadi ɗan littafi, ya riƙa rubuta ranar allura, da awo, da wurin da aka yi, da sakamakon gwajin sukari, da duk abin da ya ji a jikinsa, ya tafi da shi kowace ranar asibiti. A riƙa duba ido, da ƙoda, da ƙafafu aƙalla sau ɗaya a shekara. Duk abin da ya shige duhu a tambayi likita, ko nas, ko masanin magunguna, domin matambayi ba ya ɓata.

Haka kuma ana roƙon wanda wannan takarda ta shiga hannunsa ya karanta wa maƙwabcinsa da bai iya karatu ba. Masu unguwanni, malaman makaranta, shugabannin addini, da ƙungiyoyin mata su taimaka wajen isar da wannan saƙo lungu-lungu. Lafiya uwar jiki ce, kiyaye ta kuwa aiki ne na kowa da kowa.